Alƙawarin da Muka Rubuta Kafin Mu Zo Landan

A watan Oktoban da ya gabata wani ƙanin abokina ya turo mini takarda daga Kano ta WhatsApp, ya ce: "Yaya, don Allah duba mini kafin in aika." Takardar bayyana niyya ce, irin wadda kowannenmu ya rubuta wa kwamitin ɗaukar ɗalibai kafin a ba shi gurbin karatu a ƙasar nan: shafi ɗaya ko biyu da mutum zai faɗi ko shi wane ne, me yake son karantawa, saboda me, kuma me zai yi da ilimin idan ya samu. Yaron yana neman digiri na biyu a fannin kula da albarkatun ruwa. Na san gidansu, na san mahaifinsa yana da shago a Kantin Kwari, na kuma san bai taɓa kwana da yunwa ba.

Amma wanda ya karanta takardar ba zai san haka ba. Sakin layi na farko ya buɗe da almajirai, ya kawo alƙaluman nan na UNICEF da duk muka haddace, wato yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta, ya gangara kan Boko Haram, ya rufe da gurgusowar hamada. A sakin layi na ƙarshe kuwa ya yi alƙawarin cewa da zarar ya gama zai dawo gida ya sauya rayuwar miliyoyin mutanen Arewa. A tsakanin waɗannan biyu ban ga yaron da na sani ba, ban ga unguwarsu ba, ban ma ga ruwan da ya ce zai karanta ba.

Na yi dariya, na fara rubuta masa gyara. Can sai wani abu ya ce mini in nemo tawa takardar, wadda na rubuta shekara uku da suka wuce. Na lalubo ta a kwamfuta na karanta. Almajiran nan suna ciki, alƙaluman nan suna ciki, alƙawarin nan ma yana nan daram, har ya fi nasa zaƙi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daga ranar nake juya wannan magana a raina, kuma ita nake son mu tattauna a wannan shafi da muka saba caccakar 'yan siyasar gida.

Ga abin da nake gani. Takardar bayyana niyya ita ce takardar siyasa ta farko da yawancinmu muka taɓa rubutawa. A cikinta muka siffanta ƙasarmu ga baƙi, muka faɗi matsalarta, muka gabatar da kanmu a matsayin magani, muka nemi a zaɓe mu a bar wasu. Ɗan takarar gwamna ma abin da yake yi ke nan a kan dandamali. Idan muna da bakin tuhumar gwamna kan alƙawarin ruwan famfo da ya ɗauka lokacin yaƙin neman zaɓe, to ya kamata mu iya buɗe namu alƙawarin mu karanta ba tare da mun sunkuyar da kai ba.

Hausa ta riga ta yi mana rabin aikin da ta kira takardar da sunan niyya. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san hadisin farko da ake haddacewa a Arba'una a kan niyya yake, kuma ya san niyya a zuciya take, baki shaida kawai yake yi. Wanda ya furta abin da babu shi a zuciyarsa bai ƙulla niyya ba. Mu kuwa mun mai da takardar wani fom da ake cikewa: a samo ta wani da ya yi nasara bara, a canza suna da gari, a aika. Akwai dillalai a Kano da Kaduna da Abuja da suke karɓar kuɗi su rubuta wa mutum tarihin rayuwarsa ba tare da sun taɓa zama da shi na awa ɗaya ba. Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ta shigo, tana zubo shafi biyu cikin minti ɗaya, Turanci sumul kamar an goge da man shanu, amma babu mutum a ciki. Malaman da ke karanta waɗannan takardu suna ganin ɗaruruwansu a kowace kaka. Sun san ƙamshin na aro, kamar yadda mai shago a Kwari ya san atamfar jabu tun kafin ya taɓa ta.

Abu biyu ke damuna a irin wannan rubutu, kuma kowannensu yana da alaƙa da siyasa.

Na farko shi ne yadda muke tallar wahalar mutanenmu. Ba na musun cewa matsalolin nan gaskiya ne. Almajiri yana nan da ƙoƙonsa, an sace ɗalibai a Chibok a 2014, an sace a Ƙanƙara a 2020, an kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari a watan Maris na 2022. Wanda abin ya shafa yana da cikakken haƙƙin ya faɗa, kuma ya faɗa da ƙarfi. Amma ɗan da ya tashi a gidan wadata, ya yi makarantar kuɗi tun daga naziri, idan ya ɗauki ƙoƙon almajiri ya ajiye a farkon takardarsa, ya ci bashin wahalar da ba tasa ba, kuma mai wahalar ba zai ga ko sisi daga ribar ba. Na ga 'yar'uwa da mahaifinta ya sayar da fili don ta yi karatu, amma a takardarta ta nuna kamar da ƙyar ta kuɓuta daga hannun iyaye masu ƙin ilimin mata, saboda an gaya mata irin labarin da Turawa ke son ji ke nan. Ta samu gurbi, mahaifin ya yi walima, bai san an sayar da mutuncinsa tare da filin ba.

A tara irin waɗannan takardu dubu a ajiye a gaban malamin jami'a a Landan, shekara bayan shekara. Wace Arewa zai sani? Zai san ƙasar da babu kasuwa, babu malamai, babu tarihi, babu uban da ke son 'yarsa, sai bara da bindiga. Mu ne kuma za mu zo taron ƙungiya mu yi ƙorafin yadda jaridun ƙasashen waje ke ɓata mana suna, alhali da hannunmu muka rubuta wani ɓangare na wannan hoto, muka sa hannu a ƙasa.

Na biyu shi ne alƙawarin komawa gida. Nan ma a bambance. Wasu tallafin karatu sun shar'anta komawa ƙarara. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda aka fara a 1983, yana buƙatar wanda ya ci gajiyarsa ya koma ƙasarsa na aƙalla shekara biyu bayan ya gama, kuma ɗaya daga cikin tambayoyi huɗu da ake amsawa a rubuce ita ce wane aiki mutum zai yi idan ya koma. Tallafin ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila shi ma yana tambayar yadda karatun zai amfani ci gaban ƙasar mai nema. Asusun PTDF na gwamnatin tarayya, da kuɗin man fetur ɗin jama'a yake tura ɗalibai. A irin waɗannan, alƙawarin komawa shi ne farashin da aka biya aka karɓi kujerar da ɗaruruwan mutane suka nema suka rasa. Wanda ya rubuta shi alhali tun a Kano ya gama lissafin yadda zai zarce, ya ƙwace kujerar wanda da gaske zai koma.

Sai kuma masu biyan kuɗinsu da kansu, waɗanda babu wanda ya tambaye su ko za su koma, amma duk da haka suke rubuta alƙawarin saboda ya zama ado, kamar yadda ake rufe wasiƙa da gaisuwa. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin yana koya mana cewa alƙawari ga al'umma magana ce da ake faɗa don a buɗe ƙofa, in an shiga a manta. Wanda ya saba da haka yana ɗan shekara ashirin da biyar, me zai hana shi yi yana ɗan hamsin, ranar da ya tsaya takarar majalisa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ta wannan gefen muke tanƙwara kanmu.

Na san abin da za a ce mini, domin ni ma na faɗa wa kaina. Za a ce lokacin da muka rubuta da gaske muke, ƙasar ce ta canza. Wannan gaskiya ne ga mutane da yawa. A farkon 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. A cikin 2024 ya haura naira 2,000. Wanda iyayensa suka ci bashi suka biya masa kuɗin makaranta sama da fam 20,000, da wane albashin gida zai biya? Wanda ya yi niyyar komawa koyarwa a jami'a ya ga yajin aikin wata takwas da ƙungiyar ASUU ta yi a 2022. Wanda ba shi da uba a gindin murhu ya san takardar shaidar Landan ba ta kai ɗan guntun katin sanata nauyi a wasu ofisoshin ba. Ga kuma bizar da Birtaniya ta buɗe a 2021, wadda ke ba wanda ya gama karatu damar zama ya yi aiki na wani lokaci. Mutum yana da iyaye da ƙanne, kuma kuɗin da 'yan Nijeriya mazauna waje ke aikawa gida, wanda Bankin Duniya ke ƙiyasta shi kusan dala biliyan 20 a shekara, ya riƙe gidajen da gwamnati ba ta san da zamansu ba.

Saboda haka ba na kiran wanda ya zauna maci amana. Ba na kuma goyon bayan tilastawa, irin ƙudirin da aka kawo Majalisar Wakilai a 2023 na hana sababbin likitoci cikakken lasisi sai sun yi aikin shekara biyar a gida. Ba a ɗaure ƙwararre da igiya. Asibitin da ke da wuta da magani da albashi shi ke riƙe likita. Za a kuma ce kwamitocin nan su ma suna da nasu laifin, tun da labarin tausayi ya fi saurin motsa su. Haka ne, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma duk wannan bai wanke mu ba. Niyya ta canza saboda hali ya canza, wannan uzuri ne da kowa zai fahimta. A rubuta abin da tun farko ba a nufa ba, wannan sunansa daban.

Duk wanda ya bi ta unguwar Bloomsbury ya wuce Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, wadda tun 2014 ta koma ƙarƙashin UCL. A wannan cibiya Malam Abubakar Tafawa Balewa ya yi karatu daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano kuma ya biyo bayansa a 1946. Malaman makaranta ne daga Bauchi, gwamnatin mulkin mallaka ce ta turo su, kuma shekara ɗaya kacal kowannensu ya yi. Da suka koma, hanyarsu ta rabu, ɗaya ya zama jigo a NPC, ɗaya ya jagoranci NEPU. Amma a lura da abin da suka kama. A watan Agustan 1950 Tafawa Balewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya kawo ƙudirin a sake duba tsarin mulkin En'e. A wannan watan aka kafa NEPU a Kano, kafin shekarar ta ƙare kuma Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya rungumi gwagwarmayar talakawa a kan zaluncin wannan tsari. Kafin nan ya riga ya tara malaman makarantun Arewa a ƙungiya guda. Kowannensu ya san takamaiman abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, ya san sunansa, ya san inda yake zaune.

Ban kawo su don in ce mu zama su ba. Zamaninsu daban, kuma aiki yana jiransu a gida tun kafin su sauka daga jirgi, abin da yawancinmu ba mu da shi. Darasin da na ɗauka ƙarami ne: wanda ya san matsala guda ɗaya ciki da bai ya fi amfani ga jama'a a kan wanda ya yi alƙawarin magance dukkan matsaloli. Takardunmu cike suke da "al'ummata" da "miliyoyin jama'a" da "kawo sauyi", kalmomin da ba wanda zai iya kama mu da su, domin ba su nuna wuri ko lokaci ba. Haka ma jawaban 'yan siyasa suke, kuma dalilin ɗaya ne.

Da na kira yaron nan na Kano, ban taɓa Turancinsa ba. Tambaya na yi masa: me ya kai ka karatun ruwa? Ya yi shiru, sannan ya fara ba ni labari. Ya ce tun yana yaro shi ake aika ya tare ɗan garuwa da asuba, kuma famfon gidansu ya fi shekara goma bai ɗiga ba, alhali ga madatsar Tiga da aka gama tun 1974 zamanin Audu Baƙo, ga matatar Tamburawa, ga ta Challawa. Ya ce a aikin bincikensa na shekarar ƙarshe ya ɗebi ruwan rijiyoyi a unguwannin da ke kusa da masana'antun jima ya auna, abin da ya gani ya hana shi barci. Ya ce abin da yake son ganewa shi ne inda ruwan ke ɓacewa tsakanin matata da famfo: bututu ne ya ruɓe, wuta ce babu, ko kuɗin ne ba a karɓa? Na ce masa: "Ƙanina, ga takardarka nan ka faɗe ta da bakinka. Me ya sa ka ɓoye wannan ka ɗauko labarin wasu?" Ya ce ya ɗauka abin ya yi ƙanƙanta.

Bai yi ƙanƙanta ba. Shi ne abin da babu wani mai nema a duniya da zai iya rubutawa sai shi. Kuma ko ta fuskar neman nasara kawai aka duba, kwamiti ya fi gamsuwa da wanda ya nuna tambayar da yake ɗauke da ita, ya faɗi darasin da zai ɗauka a sashen da dalilin zaɓensa, a kan wanda ya zo da kuka da kirari. Da muka zo sakin layi na ƙarshe na ce ya rubuta abin da zai iya tsayawa a kai ko da naira ta sake faɗuwa. Ya rubuta cewa yana son ya yi aiki a kan asarar ruwa a bututun birnin Kano, ko a cikin hukumar ruwa ko tare da ita, kuma zai mayar da sakamakon bincikensa ga unguwannin da ya ɗebi ruwansu, da Hausa. Ban san ko za a ɗauke shi ba. Na dai san idan ya karanta takardar nan bayan shekara goma ba zai ji kunyar da na ji ba.

Ina da shawara uku, biyu gare mu, ɗaya ga gwamnatocinmu.

Ta farko, ƙungiyarmu ta ware mutane a kowace kaka, daga Satumba zuwa Janairu, da za su riƙa duba takardun ƙannenmu kyauta. Sharaɗin kawai shi ne ba za mu rubuta wa kowa ba, kuma ba za mu bar ƙarya ta wuce ba. Wannan zai rage cinikin dillalai, ya kuma kai taimako ga ɗan Gumel da 'yar Illela waɗanda ba su da yaya a Landan. A halin yanzu sanin yadda ake rubuta takardar nan gado ne da ke yawo a cikin gidaje ƙalilan, kuma wannan ma wani nau'in rashin adalci ne da ba mu cika magana a kansa ba.

Ta biyu, a taron bankwana da muke yi wa masu kammala karatu, duk wanda ya yarda ya karanta mana sakin layi na ƙarshe na takardarsa, ya faɗi inda ya tsaya a kai. Wanda zai koma ya faɗi abin da yake buƙata mu taya shi. Wanda zai zauna ya faɗi yadda zai biya bashin daga nan: ya duba aikin ɗaliban tsohon sashensu, ya koyar ta intanet, ya haɗa malaman gida da abokan bincike, ya ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya. Ba kotu za mu kafa ba. Tunatarwa ce tsakanin 'yan'uwa, domin alƙawari kaya ne, kuma kaya ya fi sauƙin ɗauka idan akwai mai taya ka azawa.

Ta uku ta shafi jihohin da ke tura ɗalibai waje da kuɗin jama'a. Kano ta yi fice a wannan zamanin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta farfaɗo da shirin a 2023. Mun kuma ga yadda a jihohi daban-daban ɗalibai ke maƙalewa a ƙasashen waje da bashin makaranta idan mulki ya canza hannu. Abin da ya kamata mu nema, ko wace jam'iyya muke so, shi ne alƙawarin ya zama na ɓangare biyu kuma a rubuce. Ɗalibi ya rubuta niyyarsa, a tantance ta bisa ƙa'idar da aka bayyana wa kowa. Jiha ita ma ta rubuta tata: wane gurbi take tanadar masa, a wace ma'aikata ko asibiti ko jami'a, kuma da wace doka za a ci gaba da biyan kuɗinsa ko da wanda ya tura shi ya faɗi zaɓe. Jihar da ta tura ɗalibi ba tare da ta san abin da za ta yi da shi ba, ita ma takardar aro ta rubuta.

Ni dai na buga tawa takardar a kan farar takarda na liƙa a bangon ɗakina, na ja layi a ƙarƙashin jimlar da na yi alƙawarin abin da ya fi ƙarfina. A gefenta na rubuta abu biyu ƙanana da nake ganin zan iya, da shekarar da nake son in gama su, in Allah Ya yarda. Ina roƙon kowane ɗan'uwa da 'yar'uwa da ke karanta wannan ya nemo tasa a daren yau ya karanta, kafin mu haɗu a taro na gaba mu ci gaba da lissafa alƙawuran da gwamnoni suka saɓa. Allah Ya ba mu ikon cika abin da muka ɗauka, Ya kuma sa iliminmu ya amfani waɗanda muka ambaci sunansu muka samu shiga.